Bana ba na son zuwa aikin naman Sallah a gidan surukai, ko na yi laifi?

Maman 'Yan Biyu: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, kuma don Allah a faɗa mini gaskiya ko da ba za ta yi mini daɗi ba. Saura mako biyu Babbar Sallah, ni kuwa tun yanzu gabana ke faɗuwa.

Maigidana shi ne babba a ɗakinsu, maza biyar mata biyu. Tun mahaifinsu na da rai al'adar gidan ita ce kowa ya kawo dabbarsa gidan Hajiya a cikin birni, a can ake yanka, a yi kwana uku ana wuni tare. Bara raguna huɗu aka kayar da sa ɗaya. Mu matan gidan mu huɗu ne, amma wallahi mu biyu muka yi aikin, ni da matar na ukunsu. Tun da aka sauko daga Idi na tsuguna gaban bahon kayan ciki, ban miƙe ba sai da aka kira la'asar. Atamfar da na ɗinka sai a rana ta uku na saka ta, lokacin hayaƙi ya gama rina mini ido. Faccalata ta Abuja tana ɗakin Hajiya da lalle har gwiwar hannu, wai ruwan zafi yana kashe mata shi. Ƙaramar kuwa an ce ba a sa amarya aiki, ga shi shekararta uku a gidan har yanzu amarya ce.

Duk wannan da sauƙi. Na ware cinya daga ragon maigidana zan aika gidan iyayena kamar yadda aka saba, kafin in idar da sallah ƙanwarsa ta ɗauka ta ba yaro ya kai gidan surukanta, wai ai naman gidansu ne. Ana cikin haka yara suka yi faɗa a kan hanta, faccalar tawa ta fito ta ɗauke Hassan ɗina da mari. Na yi magana, ta yi, Hajiya ta sa kuka. Mun dawo gida kwana biyu maigidan bai ce mini uffan ba.

Jiya na ce masa bana mu yi yankanmu a gidanmu, da yamma mu je mu gai da Hajiya da ƙullin namanta. Ya ce so nake in raba shi da danginsa. To ni ce da laifi?

Anti Mai Waina: Wa alaikumus salam. Ba ki yi laifin komai ba 'yar'uwa, ai ba baiwa suka sayo ba. Amma kafin ki kai ga ƙin zuwa, ku babu masu aikin nama a unguwar? Mu nan akwai matan da sana'arsu ke nan duk layya, wankin tumbi da hanji, babbakar kai da ƙafa, suya har ta bushe. Mutumin da ya iya sayen sa ba zai kasa biyan mata uku ladan yini biyu ba. Sai dai a kama su da wuri, don ana gobe Sallah ko da kuɗinki ba za ki samu ba.

Baban Gida: Ikon Allah. Kwana uku kacal a shekara shi ne ya zama abin kawo ƙara? Iyayenmu mata sun yi wanda ya fi wannan, da itace jiƙaƙƙe, babu gas babu firiza, ba mu taɓa jin sun ce sun gaji ba. Zumunci a ƙafa yake. Ki yi haƙuri ki je, lada za ki samu.

'Yar Zazzau: Malam Baban Gida, kai me kake yi a kwana ukun? Ka kafa hula ka tafi kallon hawan daushe, ka dawo ka miƙe ƙafa a tabarma ka ce ina hantar take. Ba ka ji iyayenku sun ce sun gaji ba don ba ka taɓa zama a madafi ka saurara ba. Kuma zamanin da kake magana gida ɗaya ake zaune, mata shida ko bakwai da 'yan mata rututu, rago ɗaya ko biyu. Yanzu dabba biyar ake zube wa mace biyu.

Baban Gida: Kuɗin ragon fa, daga sama yake faɗowa? Wata uku nake tara shi.

'Yar Zazzau: Allah ya ƙara buɗi. Sai ka ƙara sati ɗaya ka tara na masu wankin hanji.

Baƙuwar Abuja: Bari in yi magana a madadin waɗanda ake kira masu lalle, don ni ma haka ake kallona a dangin mijina. Shekarar farko da na je na ɗaura zani na shiga cikinsu da zuciya ɗaya. Ina wanke tumbi wata ta karɓe daga hannuna ta ɗaga shi sama tana nuna wa jama'a, aka kwashe da dariya, wai 'yar boko ta bar rabin ciyawar a ciki. Na koma wajen suya aka ce ina ɓarnar mai. Tun daga ranar na koma ɗaki. In na fito a ce ban iya ba, in na zauna a ce girman kai. Kuma ana mantawa mun kwana a hanya da yara, ta Kaduna da Zariya, rabin tafiyar ma da addu'a a baki. Ban ce faccalarki ta kyauta ba, marin ɗan wani kam ta yi kuskure babba. Amma kin taɓa kiran ta ki ce wance zo ki riƙe mini kaza? Ko kina dai aikin kina ƙirga mata a zuci?

Maman 'Yan Biyu: Gaskiya ban taɓa ce mata ta zo ba. Gani nake mai ido ba sai an ce masa duba ba. Tana ganin mutum biyu cikin hayaƙi.

Baƙuwar Abuja: To kin gani. Ita ma wataƙila tana can tana cewa ba sa son in shiga cikinsu.

Yayan Gida: Ni ne babba a gidanmu kamar maigidanki, mu tara ne, ɗaki biyu, kin ga akwai 'yan'ubanci a kai. Bari in faɗa miki abin da mijinki yake ji wanda ba zai furta ba. Babban ɗa in ya janye ragonsa daga gidan uwa, washegari kowa zai janye, kuma har abada za a riƙa cewa wane ne ya watsa gidan, matarsa ce ta sa shi. Wannan yake gudu. Ba wai bai ga wahalarki ba ne.

Mu abin da ya kusa hallaka mu gasar rago ce. Kowa ya kawo nasa a ɗaure a ƙofar gida, yara suna zagayawa suna cewa na babanmu ya fi na babanku ƙaho. Wanda Allah bai hore wa ba sai ya ci bashi don kada a raina shi, ko ya ƙirƙiri tafiya ya ƙi zuwa. A 2023 aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, layya ta zo bayan wata ɗaya, kuɗin mota ya ninka, komai ya tashi. Shekarar nan ƙannena biyu ba su iya yanka ba, ɗaya har kashe waya ya yi. Da na je na same shi a gida ya ce mini kunyar 'ya'yansa yake ji, su je su tsaya suna kallon na wasu. Abin ya tsaya mini a rai.

Tun daga nan muka sauya. Da an shiga Zulƙida nake kiran mazan mu zauna a soro, ba mata ba yara. Wa zai yanka, wa ba zai samu dama ba, nawa ne kuɗin mahauci, itace, mai, ruwa, masu aiki. Mai hali ya ɗauki kaso babba ba tare da an yi shela ba. Dabbobin kuma ba a kawo su sai daren Sallah, a shigar da su garke ɗaya, yara su san ragunan gidan Kaka ne kawai. Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk rigimar da na gani a gidanmu ta Sallah, in ka bi salsalarta, abu ne da ya kamata a yanke tun wata guda kafin ranar aka bar shi sai da wuƙa ta hau wuya.

Sai abu ɗaya da na kafa doka a kai: ba maganar gado, ba maganar sayar da gidan, ba siyasa. Ƙaramar Sallar 2023 da ta zo bayan zaɓe, ƙanena mai jar hula da ɗan'ubanmu ɗan tsintsiya saura ƙiris su ba hammata iska a gaban tuwon Sallah, tsohuwa na kallo. Yanzu duk wanda ya ɗauko sai in ce masa wane tashi ka duba mana wuta.

Shawarata, kada ke ki kai maganar nan gaban dangi. Shi zai kai ta wurin ƙannensa, a matsayin tsarin da ya ga ya dace, sunanki ma kada ya fito.

Anti Mai Waina: Yaya Allah ya saka da alheri. Da ana samun irinku a kowane gida da mun huta.

Baban Gida: Wannan kam magana ce. Amma batun ɗauko bare su yi aikin naman layya ni bai kwanta mini ba. Albarkar ai a hannun matan gida take.

Ɗalibin Ilimi: Baban Gida, a ina aka ce albarkar a hannun matan gida take? A kawo mana mu ƙaru. Abin da ya tabbata a Bukhari da Muslim shi ne Annabi (SAW) ya sa Sayyidina Ali ya tsaya a kan raƙumansa na hadaya, ya raba naman da fatun, ya kuma hana shi ba mahauci wani abu daga ciki a matsayin lada, ya ce za a biya shi daga wani wuri. Ka ga ɗaukar mai aiki ba sabon abu ba ne. Abin kiyayewa shi ne a biya da kuɗi, kada a ce ga wuya ko ga fata ladanka ke nan. In an gama biya aka ba su kyauta ko sadaka daga naman, wannan daban.

Sannan mu rage wa kanmu nauyin da shari'a ba ta ɗora mana ba. A mazhabar Malikiyya da muke bi layya sunna ce mai ƙarfi ga wanda yake da iko. Abu Ayyub al-Ansari ya ce a zamanin Annabi (SAW) mutum yakan yanka akuya ko tunkiya ɗaya domin kansa da iyalan gidansa, su ci su ciyar, sai daga baya mutane suka mai da abin alfahari. Tun wancan lokacin ake kukan gasar da Yayan Gida ya ambata. Aya ta 37 a Suratul Hajji ta ce naman da jinin ba sa isa ga Allah, taƙawa ce take isa. Kuma ba dole ne a yanka komai ranar farko ba, kwana uku ne lokacin yanka, 10 da 11 da 12 ga wata, ko da yake ranar farko ta fi falala. Gidan da ke da dabba biyar da hannu huɗu, me zai hana a raba su kwana biyu?

Game da haɗuwar kuwa, ku duba aya ta 61 a Suratun Nur. Ta lissafo gidajen iyaye da 'yan'uwa da baffanni da gwaggwanni da kawunnai, sannan ta ce babu laifi ku ci tare ko ku ci a rarrabe. Don haka wanda ya yanka a gidansa ya zo gaisuwa bai yanke zumunci ba. Wanda ya je aka wuni tare ya dawo yana gaba da ɗan'uwansa wata shida, shi ne ya kamata ya ji tsoro, tunda an hana ƙaurace wa juna fiye da kwana uku.

'Yar Zazzau: Malam ka manta wadda ta ce idan kun ci abinci ku watse. Ita ya kamata a rubuta a manna a ƙofar gidan surukaina.

Ɗalibin Ilimi: Tana Suratul Ahzab, aya ta 53, a kan gidan Annabi (SAW) ta sauka, amma ladabin kam ya shafi kowa. Sai dai ban ba ki shawarar mannawa ba.

Ɗan Maraɗi: Ina gaisuwa mutanen Najeriya. Ni abin da ke ba ni mamaki da ku shi ne yadda kuka jibga wa mata dukan aikin. Mu nan, kuma haka za ka gani a Yamai, in an feɗe rago sai a buɗe shi a tsire shi a itace biyu gicciye, a jera ragunan layi guda kewaye da wuta a ƙofar gida. Maza da samari ke tsaye a kai suna juyawa tun hantsi har dare, ana shan shayi ana hira. Mata kayan ciki suke soyawa, shi ake ci ran farko. Rabo sai washegari, lokacin kowa ya yi barci hankali ya dawo jiki. Mutumin da ke jin yunwa da gajiya, ga rana, ga hayaƙi, ko kallon banza aka yi masa sai ya zama faɗa. Ku gwada jinkirta rabon ku gani.

Baban Gida: Ku da kuka hana fito da dabbobi kafin layyar 2025 kuka bar mu da tsada a Maigatari da Illela, yanzu kuma kun dawo kuna koya mana gashi?

Ɗan Maraɗi: Gwamnati ta hana, ba ni ba. Amma ka zo bana in koya maka juya rago, ka ga sai uwargida ta samu ta sa atamfarta.

Autar Mama: Ku kuna maganar aiki, ni da za a bar ni da wankin hanjin shanu goma a rufe mini bakin gwaggwannina da na gode. Shekarata 31, ina aikina, ban yi aure ba. Ina shiga da sallama, kafin in durƙusa, an fara: ke har yanzu shiru? Ruwan ido ne ko boko ne? Ƙanwar bayanki ga ta da uku. Bara wata ta ce a gaban yara a kai ni a yi mini ruƙiyya. Matar yayana kuwa shekara shida ba haihuwa, duk Sallah sai an shafa cikinta an ce ko an samu? Na taɓa iske ta a bayan ɗaki tana wanke fuska don kada a gane ta yi kuka. Yanzu tun ana saura sati take fara ciwon kai. Su a ganinsu kulawa ce.

Anti Mai Waina: Auta, ni amsa ɗaya na koya wa 'yata: Gwaggo a taya mu da addu'a, bakinku mai albarka ne. Ki faɗa da murmushi ki miƙa mata kwanon nama. Ba ta da abin cewa sai Allah ya kawo nagari. In ta ƙara ki maimaita, kalma ɗaya kada ki canza. A karo na uku da kanta za ta gaji.

Autar Mama: Na gwada Anti. Tawa Gwaggon cewa ta yi addu'a ba ta hana neman magani.

Baban Gida: To ai gaskiya ta faɗa, in da kin rage zaɓe...

Mai Kula da Zaure: Baban Gida, a tsaya nan. Ba a buɗe zancen don a yi wa kowa shari'ar aurensa ba. Na goge saƙonni biyu da suka biyo baya, wanda ya sake zan cire shi sai bayan Sallah.

Nas Mai Aikin Dare: Bari in sako wani abu da ba a taɓo ba. Duk layya ina bakin aiki, kuma abin da ake kawo mana kusan iri ɗaya ne: yaro ya faɗa kaskon suya, yaro ya yanke da wuƙar fiɗa, tsoho mai hawan jini ya kwana uku yana cin soye da gishiri ya manta maganinsa. Gidan da yara ashirin ke guje-guje kuma kowace uwa tana zaton wata na kallonsu, babu mai kallonsu ke nan. A ware mutum ɗaya ko biyu aikinsu yara kawai, nesa da murhu. Wadda ba ta iya wankin tumbi ba ai ta iya wannan. Kuma don Allah in an ƙone a sa wurin a ƙarƙashin ruwa mai sanyi kamar minti 20 sannan a taho asibiti. A daina fasa ƙwai, a daina shafa man goge baki ko manja, wahalar wankewa kawai kuke ƙara wa yaron.

Kakar Yara: Jikata ce take karanta mini tana rubuta abin da na ce. Ni ce irin Hajiyar da kuke magana, 'ya'yana bakwai, jikoki sun haura talatin. 'Yata Maman 'Yan Biyu, sannu da ƙoƙari, Allah ya yi miki albarka. Na yi irin aikinki shekara da shekaru a gidan surukata, na san ciwon bayan.

Amma bari in gaya miki abin da ke ran tsohuwa. Tun da malam ya rasu, gidan nan shiru yake kamar an share. Ina jin ƙarar agogon bango. Wata goma sha biyu ina ƙirga kwana ukun nan. Naman me zan yi da shi, haƙora nawa suka rage mini? Hayaniyar nake so, in ga takalma sun cika ƙofar ɗakina har na rasa nawa. Ranar da surukarki ta yi kuka, ba don cinya ta yi ba. Gani ta yi abin da take riƙe da shi yana neman kuɓucewa, kuma ta san in ta kwanta dama shi ke nan kowa ya kama gabansa.

Laifinmu tsofaffi shi ne muna gani muna yin shiru, don tsoron kada a ce mun fi son wata. 'Yar da ka haifa kuwa ta fi suruka wuyar tsawatarwa, ta san lagonka. Ni sai da babbar surukata ta zo ta same ni ita kaɗai, da ɗan turarenta, ta zauna a ƙasa ta ce Inna bana yaya kike so a yi, ni dai jikina ba ya ɗauka kamar da. Ba ta kai ƙarar kowa ba, sunan kowa bai fito daga bakinta ba. Kunya ta kama ni. Shekarar nan da bakina na raba aiki, kuma na zauna a kan kujera a gaban naman, kowane rago da bahonsa, ba mai ɗaukar tsoka sai ta gabana. Ki je ki same ta. Kada ki bari sai ranar, ranar kowa kansa ya yi zafi.

Yayan Gida: Inna ta gama magana. Na ce kada ki kai zancen gaban dangi, amma zuwa wurin Hajiya ke kaɗai irin wannan, na janye, ya fi nawa.

Maman 'Yan Biyu: Inna kin sa ni hawaye wallahi. Na gode ƙwarai, na gode wa kowa. Zan nuna wa maigidan abin da Yaya ya rubuta, ranar Juma'a kuma in je wurin Hajiya. Sai dai maganar marin Hassan har yanzu tana ci mini rai, ban san ko zan iya haɗa ido da ita ba.

Baƙuwar Abuja: Ki kira ta kafin ta taso, ki tambaye ta yaushe za su iso, me yaranta suke ci. Ba sai kin tayar da zancen ba. In mai hankali ce da kanta za ta kawo shi.

Maman 'Yan Biyu: Barkanmu da Sallah 'yan'uwa, Allah ya maimaita mana. An yi ta tambayata yadda aka ƙare, ga shi yau kwana biyar na samu zama.

Na je wurin Hajiya kamar yadda Inna ta ce. Ta daɗe ba ta yi magana ba, sannan ta ce ai ta gani bara, bakinta ne ya yi nauyi. Maigidan ya kira ƙannensa, na Abuja ya ɗauki kuɗin mahauta da mata uku masu aiki shi kaɗai, bai ko ja ba. Aka yanka ragunan ran Sallah, sa washegari. Hajiya ta sa aka fito mata da kujera tsakar gida, kowane baho da sunan mai shi a jikin takarda, cinyar gidanmu tun kafin azahar ta isa wurin Babana. Ƙanwar maigidan ta kumbura, ta ce an mai da gidan ubanta kamar kasuwa, ba ta ci abinci da mu ba ran farko. Washegari yunwa ta sauko da ita.

Faccalata ba ta ba ni haƙuri da baki ba, kuma ko tsoka ɗaya ba ta taɓa ba. Amma ta zo wa 'yan biyu da takalma, rana ta biyu kuma ta kwashi yara goma sha huɗu a mota biyu ta kai su gidan namun daji na Audu Bako, ba su dawo ba sai magariba. Gidan ya yi tsit har Hajiya ta fara tambaya ina jikokinta. Amaryar shekara uku an ba ta zoɓo da kunun aya, ta yi, sai dai sukarin kamar da gayya. Ni kuwa na sa atamfata ran Sallah da la'asar, har hoto aka yi da ni. Autar Mama, na tuna da ke, don Gwaggon gidan ta titsiye ƙaramar ƙanwarsu da zancen aure, na aike ta sayo ƙanƙara tun ba a buƙata.

Matsala ɗaya ta rage. Hajiya duk shekara tana ajiye wutsiyar rago ta busar da ita don cika-ciki ran 10 ga Muharram, bana an duba raguna huɗu babu wutsiya ko ɗaya. Masu aikin sun haɗa da su a suya, ba wanda ya gaya musu. Tun shekaranjiya take kirana tana cewa da hannuna ne da hakan ba ta faru ba. Don Allah wa ke da ragowar wutsiya a cikin Kano?

Anti Mai Waina: Ina da biyu, na shafa musu gishiri suna rataye a madafi. Ki turo Hassan da Usaini gobe da safe, amma su zo da leda, kuma kada su biyo ta layin masu karnuka.